Wanda ya iya sharhin ƙwallo a talabijin, me ya sa in an damƙa masa ƙungiya sai ya kasa?

Ɗan_United99: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare na zauna ina kallon Gary Neville a Sky, yana tsayar da hoto, yana zana layi, yana nuna inda ɗan baya ya kamata ya tsaya da inda ya je ya tsaya. In kana sauraronsa sai ka rantse duk duniya babu wanda ya kai shi sanin ƙwallo. Can sai na tuna ai mutumin nan an taɓa ba shi Valencia, bai cika wata huɗu ba aka sallame shi. Wasa 602 ya buga wa Manchester United, ya ɗauki Firimiya sau takwas, ya buga wa Ingila wasa 85, kusan shekara ashirin yana hannun Ferguson. To ina ilimin ya shiga? Ni a ganina likitan da ya iya gano cuta ya kamata ya iya ba da magani. Ko dai masu sharhin nan baki kawai gare su?

Gunner_Har_Abada: Wa'alaikumus salam. Baki ne kawai, Malam. A rufe muhawara, kowa ya kama gabansa.

Baban_Ummi: Haba, daga buɗe taro sai addu'ar tashi? Ɗan_United99, bari mu fara da tuna yadda abin ya faru, don da yawa a nan ci bakwai ɗin da Barcelona ta yi wa Valencia ɗinsa kawai suka riƙe. A watan Disamban 2015 aka naɗa shi, bayan Nuno Espírito Santo ya ajiye aiki. Mai ƙungiyar, Peter Lim, abokin kasuwancinsa ne, tare suke da hannun jari a Salford City. Ƙaninsa Phil yana can dama a matsayin mataimaki. Gary bai taɓa jan ragamar ko da ƙaramar ƙungiya ba, ba ya jin Sifaniyanci, kuma bai saki aikinsa na mataimakin Roy Hodgson a Ingila ba. Wasansa na farko Lyon ta bi shi har gida Mestalla ta ci shi 2-0, suka fita daga Kofin Zakarun Turai. Ya yi wasa tara a La Liga bai ci ko ɗaya ba kafin ya samu kansa a kan Espanyol. Da aka kore shi a ƙarshen Maris ɗin 2016 ya ci wasa uku ne kacal cikin 16 na gasar. Ni abin da na gani, ba ilimi ne ya gudu ba. Mutumin da bai taɓa tuƙa ko keke ba ne aka miƙa wa makullin tirela.

Culé_Mai_Dariya: A daina wuce bakwai ɗin nan da sauri don Allah. Suárez huɗu, Messi uku. An ba Mustafi, ɗan bayan Valencia, jan kati dab da hutun rabin lokaci, Neymar ma ya ɓarar da fenareti, da takwas ake magana. Ranar nan ina kallon fuskar Neville a bakin layi, na ce bawan Allah yana neman madannin tsayar da hoto bai gani ba.

Ɗan_United99: Kai dai ba a raba ka da tsokana. Amma Baban_Ummi, uzurin harshe bai gamsar da ni ba. Bobby Robson ya je Fotugal da Barcelona da tafinta, kuma ya ɗauki kofuna. Tafintan ma shi ne Mourinho. Pochettino ya zo Southampton a 2013 yana hira da 'yan jarida ta bakin tafinta, bai hana shi aiki ba.

Baban_Ummi: Gaskiyarka, amma duba su waye ka kawo. Robson ya yi shekara 13 a Ipswich, ya kai Ingila wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 1990 kafin ya fita waje. Pochettino ya shekara kusan huɗu a Espanyol. Su harshe kaɗai suka rasa, sana'ar tana hannunsu. Neville ya rasa biyun a lokaci guda. Kuma ka tuna, jarinsa duka bakinsa ne. Ka ƙwace wa mai sharhi harshe, me ka bar masa?

Koci_Mai_Usur: Ku ba ni dama in sa baki, don ni abin ya taɓa cin ni, ko da yake a ƙaramin mataki. Na buga lamba shida shekaru da dama kafin gwiwa ta zaunar da ni. Bayan nan na zama irin mutanen nan da in ana kallon wasa kowa ke juyowa ya ji me za su ce. Har suna aka sa mini, wai Farfesa. Wata rana aka ce to Farfesa, ga yara 'yan ƙasa da shekara 17, ga gasa nan da mako uku, bismillah.

Wasanmu na farko aka tafi hutu an ci mu biyu. Na san abin da ke damunmu sarai: lamba biyunmu yana haurawa gaba, ba mai rufe masa baya, duk ƙwallayen ta nan suka shigo. Da a kujera nake da na bayyana shi cikin minti ɗaya kowa ya tafa. Amma da na tsuguna a gabansu, ɗaya yana amai don gajiya, gola yana zagin ɗan baya, kyaftin ya juya mini ƙeya saboda na cire abokinsa daga sha ɗayan farko, wani kuma yana cewa takalminsa ya yage. Na ɗauki tsinke ina zana musu tsari a ƙasa, na ɗaga kai na ga babu mai kallon zanen. Na yi ta zuba bayani har alƙalin wasa ya busa. Muka koma aka ƙara mana biyu, ta wannan gefen dai.

Da yamma wani dattijon koci da ya kalli wasan ya kira ni gefe ya ce, yaro, abu nawa ka faɗa musu? Na ce kamar bakwai. Ya ce a hutun rabin lokaci abu ɗaya ake faɗa, kuma mutum ɗaya ake faɗa wa. Sauran shidan aikin ranar Talata ne a filin atisaye. Shekara tara ke nan ina horarwa, har yau ban daina koyon wannan ba.

Hajiya_Madridista: Malam Koci, Allah ya saka da alheri, wannan ya fi duk lissafin da ake kawowa. Bari in ƙara wani abu da mutane ke mantawa. Ranar 3 ga Janairun 2016 Valencia ɗin Neville ta riƙe Real Madrid 2-2 a Mestalla. Washegari aka kori Benítez, aka ɗauko Zidane. Wato tsofaffin 'yan wasa biyu sun karɓi manyan ƙungiyoyin Sifaniya, tsakaninsu wata ɗaya. Ɗaya aka kore shi a Maris, ɗaya ya ɗaga Kofin Zakarun Turai a Mayu, ya ƙara a 2017 da 2018. Bambancin? Zidane ya zauna a benci yana mataimakin Ancelotti, sannan ya sauka ya riƙe Castilla, ƙaramar ƙungiyar Madrid, shekara ɗaya da rabi, inda ba kyamara ba tafi. Shi ba ya ma son magana. Ka taɓa jin Zidane ya yi dogon bayanin dabara?

Culé_Mai_Dariya: Hajiya, bambancin shi ne Ronaldo da Modrić da Kroos da Ramos. Ni ma a ba ni su in gwada sa'ata.

Hajiya_Madridista: Ƙanena, Benítez ma ai su aka ba shi.

Gunner_Har_Abada: To tunda an ƙi rufewa, bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Thierry Henry. Ƙwallo 228 ya ci mana, ba na son jin an taɓa shi. Amma Monaco ta ba ni kunya. Oktoban 2018 ya karɓa daga hannun Jardim, Janairun 2019 aka dakatar da shi aka dawo da Jardim ɗin. Wasa 20, an doke shi 11. Kuma shi ba za a ce bai yi koyo ba, shekara biyu yana mataimakin Roberto Martínez a Beljiyam, har suka zo na uku a Kofin Duniya na 2018. Harshe ma nasa ne, ƙungiyar ma ita ta rene shi. To Baban_Ummi, a nan wane uzuri za ka kawo?

Lamba_Goma: Na Henry daban ne. Matsalar gwani ita ce bai san yadda marar baiwa yake ji ba. Abin da shi yake yi ba tare da tunani ba, wani sai ya shekara yana koyo. In ka kalli bidiyonsa a bakin layi, a Monaco ko a Montreal, za ka ga yana riƙe kai kamar yana cewa wannan ɗan abin ma ba za ka iya ba? Ɗan wasa yana ganin wannan fuskar, kuma ba ya mantawa. Akwai ranar da ya harari ɗan wasansa Badiashile a gaban 'yan jarida don ya tashi bai mayar da kujera ba. Wasu suka ce tarbiyya ce, wasu suka ce ƙungiya na nutsewa kai kana ta kujera.

Baban_Ummi: Gunner, ba uzuri ba ne, amma Monaco ɗin da ya samu an riga an sayar da ƙashin bayanta. Mbappé, Bernardo Silva, Mendy, Bakayoko, Fabinho, Lemar, duk sun tafi cikin shekara biyu, ragowar kuma rabi suna jinya. Sannan a yi masa adalci: a gasar Olamfik ta 2024 ya kai Faransa wasan ƙarshe, Sifaniya ta ci su 5-3 bayan ƙarin lokaci. Azurfa ba abin rainawa ba ce.

Mai_Taurin_Kai: Duk kuna ta Turawa. Namu fa? Sunday Oliseh. Duk wanda ya saurare shi a SuperSport lokacin Kofin Duniya na 2014 ya san mutumin ya san ƙwallo, har FIFA ta sa shi cikin kwamitinta na masu nazarin wasa. Mu da kanmu muka yi ta kiran a ba shi Super Eagles. Aka ba shi a Yulin 2015. Wata uku ba a yi ba rigima ta ɓarke tsakaninsa da Enyeama a sansanin Beljiyam, aka karɓe kambun kyaftin aka ba Ahmed Musa, Enyeama ya bar tawagar da wasa 101. Aka je CHAN, gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida, a Ruwanda aka fito tun a rukuni. Ya hau YouTube ya caccaki masu sukarsa, shi da ya yi suna da sukar wasu. Fabrairun 2016 ya ajiye aiki, saura wata guda a kara da Masar. Kun lura? Shi da Neville kusan lokaci guda suka yi nasu suka gama.

Ɗan_Tsakiya_94: Yallabai, ka faɗi rabi ka bar rabi. Dalilin da Oliseh ya bayar shi ne rashin biyan albashi da saɓa yarjejeniya. Kuma me ya biyo baya? Ya je Fortuna Sittard a rukuni na biyu na Holan a ƙarshen 2016, ya same su a ƙasan tebur, ya ɗaga su har suna neman haurawa. Sun rabu da shugabannin ƙungiyar a Fabrairun 2018, amma a ƙarshen wannan kakar ƙungiyar ta hau Eredivisie, rukuni na ɗaya. Wanda bai iya aiki ba ba ya yin haka. Ni a wurina Oliseh ya iya koyar da ƙwallo, zama da mutane ne yake ba shi wahala, tun yana ɗan wasa ma haka yake.

Mai_Taurin_Kai: To ai zama da mutanen shi ne aikin. In ka cire shi me ya rage, jera mazugi a fili?

Ɗan_Tsakiya_94: Duk da haka ba zan yarda a ci mutuncin wanda ya ɗaɗa wa Zubizarreta, golan Sifaniya, wannan ƙwallon a Kofin Duniya na 1998 ba. Har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Daga wajen yadi na 18, ƙwallo ta dawo, bai ko tsayar da ita ba.

Gunner_Har_Abada: An fara. Yanzu sai a koma Atlanta 96, mu kwana a nan.

Admin_Zaure: Jama'a a dawo kan tambaya. Wanda ke son hirar 94 da 96 ya buɗe nasa, za mu zo.

Malam_Nazari: Ina ganin tambayar ce aka ɗora ta a karkace. Muna kirga waɗanda suka faɗi ne kawai saboda faɗuwarsu ta fi daɗin labari. Shearer, mai ƙwallo 260 a Firimiya, ya bar BBC ya karɓi Newcastle a Afrilun 2009, wasa takwas, nasara ɗaya, suka faɗa rukuni na biyu. Scholes kwana 31 ya yi a Oldham. To amma Klopp fa? Yana kocin Mainz yake yi wa tashar ZDF sharhi a Kofin Duniya na 2006, a nan yawancin Jamusawa suka san shi, kuma irin zanen allon da Neville ke yi shi ma ya yi. Southgate bayan an kore shi daga Middlesbrough ya yi sharhi a ITV, ya dawo ta tawagar 'yan ƙasa da 21, ya kai Ingila wasan ƙarshe na Kofin Turai sau biyu. Ashe ba kujerar sharhin ce ke lalata mutum ba. Abin dubawa shi ne wanne ka fara, kuma ta wace ƙofa ka shiga.

Hajiya_Madridista: Malam Nazari ka tuna mini da Emma Hayes. Ta yi sharhi a ITV lokacin Kofin Turai a 2021, mutane suka yi ta mamakin yadda take hango canji kafin koci ya yi. Ba abin mamaki ba ne, ita ce ta riƙe Chelsea ta mata daga 2012 zuwa 2024, ta ɗauki gasar sau bakwai, daga baya ta ci wa Amurka zinare a Olamfik ta 2024. Koci in ya zauna a kujerar sharhi yakan yi kyau. Mai sharhi ne in ya koma benci ake samun matsala. Hanyar gangara ce ta gefe ɗaya.

Lamba_Goma: Roy Keane ya ɓata muku wannan lissafin. Shi ya fara da horarwa, kuma da kyau: ya karɓi Sunderland a 2006 tana can ƙasan rukuni na biyu, ya ɗauki kofin gasar a wannan kakar. Shi ne ya taɓa barin 'yan wasa uku a baya don sun makara, ya ce direba ya ja mota. Daga baya Ipswich ta gagare shi, tun 2011 bai sake zama babban koci ba sai mataimaki. Yanzu zafin ran da ya hana shi zama da 'yan wasa shi ne ake biyansa ya nuna a talabijin. Halin da ke korar ka daga benci shi ke sayar da kai a gaban kyamara.

Ɗan_United99: Wannan magana ta shige ni. Amma bari in dawo kan likitana. Har yanzu ina ganin in ka san cuta, rabin aiki ya ƙare.

Koci_Mai_Usur: Ɗan'uwa, mai sharhi ba likita ba ne, mai binciken gawa ne. Shi ana kawo masa wasa bayan ya mutu, da kyamara ta kowace kusurwa, da ma'aikata masu yanko masa hoto, da kwana ɗaya ko biyu na shiri. Ba ya taɓa yin kuskure domin shawararsa ba a taɓa gwada ta a fili. In ya ce da an sa wane da an ci, wa zai ƙaryata shi? Koci kuwa ranar Juma'a yake yanke hukunci a kan abin da zai faru Asabar, da ɗan wasan da ya ɓoye ciwo, da wanda matarsa ke asibiti, da wanda wakilinsa ke hura masa kunne, da mai ƙungiya da ke son a sa wanda ya kashe kuɗi a kansa. Cikin 'yan wasa 25, sha ɗaya za ka faranta wa, sha huɗu suna jiran ranar da za ka faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Culé_Mai_Dariya: Mai binciken gawa! Malam Koci ka gama da su Carragher yau.

Scouser_Na_Gaske: A bar Carragher a gefe. Wasa 737 ya buga wa Liverpool, ya yi ritaya a 2013 ya wuce Sky kai tsaye, bai taɓa cewa shi koci ba ne. Kowa ya san allonsa. Ni na fi girmama wannan a kan wanda zai karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa don abokinsa ne mai ƙungiya. Kuma kun tuna a ƙarshen 2016 da Neville ya soki Karius, golan Liverpool a lokacin, kocinsa Klopp ya mayar masa da cewa shi da ya sha wahalar tantance 'yan wasa a Valencia, me ya sa ake barinsa yana yi a talabijin? Valencia ta zame masa tabo, duk kocin da ya taɓa sai ya tuna masa.

Malam_Nazari: Amma wannan hujjar ta Klopp ba ta tsaya ba, ko da yake na fahimci yana kare yaronsa ne. In sai wanda ya yi nasara a benci ne zai yi sharhi, to mu nan duka sai mu rufe baki. Irin wannan ne aka yi wa Arrigo Sacchi ta ɗaya gefen, aka ce bai taɓa buga ƙwallon ƙwararru ba, ya ce bai san sai mutum ya taɓa zama doki kafin ya zama mahayi ba. Ya ɗauki Kofin Zakarun Turai da Milan a 1989 da 1990. Wasa sana'a ce, horarwa sana'a ce, sharhi sana'a ce. Ƙwallon ce kawai ta haɗa su.

Baban_Ummi: Kuma a ba Neville hakkinsa, bai ɓoye ba. Ya sha faɗa da bakinsa cewa bai cancanci aikin ba, kuma ba zai sake komawa horarwa ba. Ni ina ganin sharhinsa ma ya fi daɗi bayan ya dawo, ya rage saurin cewa a kori wane. Wanda ya sha bakwai a Camp Nou ya san yadda tsayuwar minti 90 a bakin layi take.

Gunner_Har_Abada: Ya rage? Baba, ashe ba ka jin abin da yake faɗa a kan Arteta. Shi kuwa Arteta shekara uku da rabi ya yi yana ɗaukar darasi a gefen Guardiola kafin ya karɓe mu a Disamban 2019. Xabi Alonso da yaran Madrid 'yan ƙasa da 14 ya fara, ya yi shekara uku a ƙaramar ƙungiyar Real Sociedad, sannan ya ɗauki Bundesliga da Leverkusen a 2024 ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Guardiola kansa daga Barcelona B ya taso, a rukuni na huɗu. Babu ɗayansu da ya bi ta situdiyo.

Mai_Taurin_Kai: To Keshi fa, Allah ya sa ya huta? Ya ɗauki Kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya ɗauka yana koci a 2013. Kafin nan sai da ya je Togo ya samo musu gurbi a Kofin Duniya na 2006, ya je Mali. Shi ma ta doguwar hanya ya bi.

Ɗan_United99: Na ji duka, kuma na janye rabin maganata, rabi kawai. Don har yanzu akwai abin da ban samu amsarsa ba. A ce Neville ya ƙi Valencia, ya je ya riƙe Salford ɗinsu shekara uku a ƙananan rukunai, da harshensa, ba mai matsa masa. Da ya zama koci, ko dai can ma za a gano ba shi da abin? Malam Koci, kai da ka ga yara da yawa, ana koyon wannan ko da shi ake haihuwar mutum?

Koci_Mai_Usur: Wallahi na ga wanda ya koya, na ga wanda ya shekara goma bai koya ba. Zan ba ka labarin wani mataimakina, amma sai na dawo, yanzu yara na jira na a fili kuma gola bai zo ba.

Culé_Mai_Dariya: Ka ja mota ka bar shi, irin na Keane.

Koci_Mai_Usur: Shi kaɗai gare ni.